Neman wa Yara Filin Wasa a Guri

Ranar da muka sauke kaya a Guri, tun kafin direba ya kwance igiyar da ya ɗaure katifu, babban ɗana ya tambaye ni inda filin ƙwallo yake. Shekarunsa goma sha biyu a lokacin. A Kano duk Asabar nakan kai shi wani fili mai katanga da mai gadi, in biya kuɗin wata, wani koci mai usur ya yi ta sa su zagaye robobi har rana ta take. Ƙanwarsa mai shekara tara tana da kekenta da igiyar tsalle, autansu mai shekara shida kuwa duk inda ya samu sarari nan ne filinsa. Na ce masa gobe ma nema. Na faɗi haka ne da tabbacin mutumin da ya saba da birni, inda kowane abu yake da ƙofarsa da farashinsa.

Hutun bincike na shekara guda ne ya kai ni. Ina son in ga yadda manoma da masunta da makiyaya suke rabon ruwa ɗaya a fadamar Haɗeja da Nguru, kuma na ƙi yarda in bar iyali a Kano in riƙa zuwa musu kamar baƙo duk ƙarshen wata. Uwargida ta amince bisa sharaɗin cewa karatun yara ba zai taɓu ba. Batun wasansu kuwa babu wanda ya kawo shi a cikinmu, sai ga shi ya zama abin da ya fi ɗaukar hankalin gidan a shekarar.

Ga wanda bai san wurin ba, Guri hedikwatar ƙaramar hukuma ce a gefen Jihar Jigawa ta arewa maso gabas, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja, kuma ta fi kusa da Nguru ta Jihar Yobe a kan Haɗejar kanta. Kogin Haɗeja, wanda kogin Kano da na Challawa suka haɗu suka haifar, idan ya wuce garin Haɗeja sai ya tarar da tsofaffin jigayi na yashi sun tare masa gaba. Nan yake rarrabuwa, ya kutsa tsakankaninsu, ya yi tafkuna da fadamu, kafin abin da ya rage ya gamu da ruwan Jama'are su nufi Tafkin Chadi da sunan Komadugu Yobe. A cikin wannan warwatsuwar ruwa Guri take, ita da garuruwanta irin su Kadira da Musari da Abunabo da Adiyani. Hausa ce harshen ciniki, amma a kasuwa kunnenka zai ɗauko Badanci da Manganci da Fulatanci.

A farkon Satumba muka iso, ruwa ya cika ko'ina. Washegari wani yaro ya raka mu bayan gari ya nuna mana filin da baki. Turakun raga ne tsaye cikin ruwa har rabinsu, balbelu uku suna hutawa a kan sandar sama. Na tambaye shi yaushe ake buga ƙwallo. Ya ce, "Sai ruwa ya janye, Malam." Na ce yaushe zai janye? Ya dube ni da mamakin babba mai irin wannan tambaya, ya ce, "In ya gama."

Makonni biyu da suka biyo baya ban yi abin a yaba ba. Na rufe ƙofa, na miƙa wa yara waya, na shiga lissafin man da zan sha idan zan riƙa kai su Haɗeja duk Asabar neman fili. Na san Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa gumi a kowace rana, na ma taɓa faɗa wa ɗalibai haka, amma nawa 'ya'yan suna kwance a tabarma suna faɗa kan caja. Abin da ya hana ni buɗe ƙofar tsoro ne, na ruwa da na baƙunta, da kuma wani abu da sai daga baya na yarda na kira shi da sunansa, wato raini. A raina duk wasan da ba shi da koci da riga mai lamba yawo ne.

Mai unguwarmu, wanda a nan ake kira bulama, shi ya fitar da ni. Na je gaishe shi, na kawo kukana a kaikaice. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "Dakta, yaran naka ba su da ƙafa ne? Ka buɗe musu ƙofa bayan la'asar, zan turo jikana." Da ɗan gari akan ci gari, in ji Hausawa. Yammacin ranar jikan ya zo da yara biyar, suka tafi da nawa maza biyu dandalin da ke kan tudu, inda ruwa ba ya kaiwa.

Langa suke yi. Kowa ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya da hannu, ya tsaya a kan ɗayar. An rabu gida biyu, akwai wanda ake kira ruwa, 'yan gidansa suna yi masa garkuwa har ya kai wurin sha, abokan hamayya kuma suna neman su kayar da shi, duk wanda aka ture ya saki ƙafa ya fita. Ɗana ya je da takalmin ƙwallonsa mai ƙusoshi, ya sha ƙasa ya fi sau goma, yaran da ba su kai kafaɗarsa ba suna ture shi da gefen jiki. Ya dawo gida da gwiwa a ƙuje yana fushi. Washegari ya koma ba takalmi. Ni kuwa ina tsaye daga nesa ina tuna cewa na yi wannan wasa a unguwarmu shekaru talatin da suka wuce, kuma kuɗin da nake biya a Kano, wani ɓangarensa na koya wa yaro tsayuwa a ƙafa ɗaya ne. Langa ba ta rasa daraja a hukumance ba, tana cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a gasar wasanni ta ƙasa tare da dambe da kokawa. A gidajen 'yan boko irina ne ta faɗi.

Daga nan na fara gane cewa wasa a Guri yana da kalanda, kuma ruwa ne yake rubuta ta. Idan ya cika, yara su hau tudu. Idan ya fara ja da baya a Nuwamba, filin ƙwallo ya fito da laka, a jira ya bushe, a tarar wani ya riga ya shuka wake a gefensa na gangare saboda danshi, a matsar da turaku ba tare da an kai ƙara ba. Da kaka akan yi kokawa a dandali da kiɗa. Da sanyi ƙwallo ce kullum har duhu, da tseren keke a hanyoyin da suka bushe suka yi tauri. Autana ya sami nasa a jigawa: a hau tudun yashi da gudu, a gangaro da birgima, a koma. Ban taɓa ganin ya yi barci irin na watannin nan ba.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka aljannar yara nake bayyanawa. A Oktoba, lokacin da shinkafa take nuna, abokan ɗana suka ɓace daga dandali. Suna gona tun asuba suna korar jan-baki, da majajjawa da gwangwanaye da ihu. Waɗannan tsuntsaye kan sauko dubbai, su share gona a yini guda. Mafakarsu kachalla ce, ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa da dama a yankin. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin ta sauya. Hanyoyin da a da suke bushewa ƙaƙas da rani yanzu ba sa rabuwa da ruwa, kachalla ta samu wurin zama, ita kuma ta ba tsuntsu masauki. Ɗana ya roƙe ni ya bi abokinsa ranar wata Asabar, a ganinsa wasan majajjawa za a yi. Ya dawo da magariba murya a dushe, ya ce mini, "Abba, shi fa kullum haka yake yi, har ranar makaranta." Abin da nake nema wa nawa 'ya'yan da sunan motsa jiki, wasu yaran sun ƙoshi da shi har ya ci musu aji. Wannan ya rage mini yawan magana a kan kyawun rayuwar karkara.

Fita mafi daɗi da muka yi gaba ɗayanmu ita ce ta Baturiya, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, cikin watan Janairu. Wurin yana cikin jerin dausayin duniya da ake karewa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar tun 2008, bayan tafkin Nguru da hanyar ruwan Marma da suka zama na farko a Najeriya a shekarar 2000. Mun yi tafiyar ƙafa mai tsawo a cikin goriba da ƙirya, yara suna gasar ƙirga tsuntsaye: kirinjijiya da dinya da zalɓe, da wasu da ba mu san sunansu ba. Na gaya musu cewa a cikin agwagin da suke gani akwai wadda ba ta kai rabin kilo ba, amma ta taso daga Turai ta ƙetare Sahara don ta yi sanyi a nan. 'Yata ta ce ashe ba mu kaɗai ne baƙi ba.

A makon da muka dawo ne uwargida ta ga jini a wandon babban ɗanmu. Da aka matsa masa ya faɗi gaskiya: tun Oktoba yake bin abokansa wani kududdufi a bayan gari, ba ya shiga mai zurfi tunda bai iya iyo ba, iyakarsa ƙirji. A asibiti aka gwada fitsarinsa aka ce tsargiya ce. Ma'aikacin lafiyar ya auna nauyinsa, ya ba shi ƙwayoyin firazikwantel, ya ce a sha bayan cin abinci, sa'an nan ya ce da ni, "Malam, kai ka kawo shi da wuri. Akwai iyayen da suke ɗauka fitsarin jini alamar yaro ya fara zama namiji ce."

Ya kamata a faɗi yadda cutar take tafiya, domin da yawa suna zaton shan ruwa ne yake kawo ta. Mai ɗauke da ita ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe, su shiga jikin wasu ƙananan katantanwa da ke maƙale a ciyayi. Can suke hayayyafa, su fito, su huda fatar duk wanda yake cikin ruwan. Sai bayan wata biyu ko uku jini yake bayyana. Idan aka bar ta shekaru tana rage wa yaro jini, ta lalata mafitsara, ta kai ga ƙoda, a jikin mace kuma tana taɓa al'aura da mahaifa. Ruwa mai kwanciya da ciyawa shi ne gidan katantanwar, wato dai irin wanda kachalla take samarwa. Maganin yana kashe tsutsar da ke jiki, amma ba ya hana a sake kamuwa gobe.

Daren nan mun yi doguwar magana da uwargida. Hukuncinta gajere ne: babu ɗanta da zai sake taɓa ruwan garin nan. Ban ga laifinta ba, da farko ma na goyi bayanta. Abin da ya hana ni barci shi ne tunawa da cewa a Satumba mu biyar mun shiga kwalekwale za mu wata kasuwa, ruwa saura ɗan yatsa ya taɓa bakinsa, babu rigar kariya ko ɗaya, kuma a cikinmu babu wanda ya iya iyo har ni. A wannan yanki kwalekwale mota ce da damina. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun shiga gidajen mutane a sassa da dama na masarautar Haɗeja ba tare da sallama ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2014 ya ƙiyasta mutum 372,000 suna mutuwa ta hanyar nutsewa a shekara, kuma cikin shawarwarinsa akwai koya wa yara 'yan makaranta iyo. Tsargiya tana da magani idan an gano ta, wanda ruwa ya ci kuwa sai jana'iza. Ga uba a Guri, hana yaro ruwa kasada ce, barinsa ma kasada ce, kuma dole ya zaɓi ɗaya.

Na koma wurin bulama, ya haɗa ni da wani dattijon masunci. Da na gama bayanin tsutsa da katantanwa, wanda na yi da tsawo irin na malamin jami'a, sai ya ce shi bai san tsutsa ba, amma ya san ruwan da ke sa ƙaiƙayi, kuma ba ya kai jikokinsa can. Ya kai mu wata hanyar ruwa mai gudu, ƙasanta yashi, babu kachalla kusa. Muka yi yarjejeniya: da sassafe za a riƙa zuwa, domin tsutsar ta fi fitowa da tsakar rana, ba za a daɗe ba, a goge jiki sosai da an fito, kuma a sake gwajin fitsari bayan wata uku. Duk wannan rage haɗari ne kawai, na san bai kawar da shi ba, kuma haka na faɗa wa uwargida. Ta yi kwana biyu ba ta ce komai ba, a na uku ta ɗauko tawul.

Da bazara aka fara. Dattijon ya zo da gora, irin babbar ƙwaryar da masunta suke kifa ciki a kai su yi ta yawo a ruwa. Darasin farko bai shafi bugun hannu ba. Ya koya musu kwanciya rigingine a saki jiki, da yadda ake riƙe kwalekwalen da ya kife maimakon a nufi gaɓa, da cewa ba a miƙa wa mai nutsewa hannu, sanda ake miƙa masa ko mayafi. Na ce, "Baba, ni ma ɗalibi ne." Ya ce, "Ai na gani tun daga tsayuwarka, Dakta." Na sha ruwan Haɗeja a gaban 'ya'yana fiye da yadda zan so a rubuta.

Ranar farko 'yata tana bakin gaɓa kusa da mahaifiyarta. Da muka fito ta ce, "Abba, ni fa?" Ba ni da amsa. Duk watannin nan ita ma tana wasa, tana gaɗa da carafke da 'yar gala-gala da sa'o'inta a ƙofar gida, amma na lura fagen 'yan mata yana tsukewa da shekaru. Yarinya tana kai sha ɗaya ko sha biyu sai gudu ya zama abin kunya, saura ɗaukar ruwa da talla. Kuma duk mai sauraron rediyo ya san idan aka ba da labarin kifewar kwalekwale, sau da yawa mata da ƙananan yara ne a cikin mamatan, domin su ne suke shiga jirgi ba su iya ruwa ba. Mun haddace maganar da ake jingina wa Sayyidina Umar game da koya wa yara iyo da harbi da hawan doki, sai dai a aikace mun mayar da ita ta maza.

Uwargida ce ta warware, ita da ta fi kowa adawa da farko. Ta gano cewa babbar 'yar dattijon, matar aure mai 'ya'ya huɗu, ta iya ruwa tun tana ƙarama. Suka tsara tsakaninsu: ranar mata daban, babu namiji a kusa, yarinya da doguwar riga da wando. An yi 'yan gunaguni a unguwa, wata maƙwabciya ta tambayi uwargida ko kifi za mu aurar. Kafin azumin ruwa ya ƙare, wato kafin saukar damina, ita ma ta turo nata 'ya'yan biyu.

Idan akwai abin da zan roƙa wa Guri da ire-irenta, ba katafaren filin wasa ba ne. A Bangaladesh, ƙasar da ambaliya ta fi tamu, sun daɗe suna killace gefen tafki da gora, su yi dandamali mara zurfi, wani ɗan ƙauyen da aka horar ya koya wa yara iyo a ciki. Kayan aikin duk muna da su, malaman ma suna nan suna saƙa koma a gindin bishiya. Abin da ya rage shi ne a zaɓi wuri, a share ciyawarsa, a ba masunta ɗan alawus, a ware ranar mata, a haɗa shi da rabon maganin tsargiya a makarantu duk shekara. Kuma a kebe fili ɗaya a kan tudu wanda ba a nomawa. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, tseren iyo da na kwalekwale da kamun agwagwa da hannu sun zama abin da ake tahowa kallo daga ƙasashen waje. Yaran Musari da Kadira suna da irin wannan gwaninta, babu dai wanda ya taɓa kiranta wasa, balle ya tsare musu lafiyarsu a cikinta.

Gwajin da aka sake yi a Yuli ya nuna yaran uku lafiya lau. Na gode wa Allah, ban kuma ɗauki hakan hujjar cewa dabarata ce ta yi aiki ba. A ƙarshen Agusta muka ɗaure kaya. Ruwa ya sake cinye filin, balbelu sun koma kan sandarsu. Babban ɗana ya bar wa abokinsa mai korar jan-baki takalmin nan mai ƙusoshi, autan ya taho mota yana ɗingishin langa. Mun wuce gonakin shinkafa na farko ke nan 'yata ta leƙo tsakanin kujeru ta tambaye ni a ina za ta riƙa iyo a Kano. Na fara lissafa otal-otal ɗin da na san suna da wurin wanka, da kuɗin shigarsu, da ko akwai mai ranar mata a cikinsu. Har muka kai Haɗeja ban gama lissafin ba.